Ƙusoshin Maestro Nolberto

Ƙanena Nolberto Cárcamo bai taɓa ganin katako biyu sun jingina da juna ya wuce bai haɗa su da ƙusa ba. Shekararsa saba'in da 'yan kai, kafinta ne tun yana ɗan sha huɗu, kuma duk unguwarmu ta Collico a nan Valdivia ba a san shi da wani suna ba sai Maestro Ƙusa. A baki yake riƙe su, shida-shida, shi ya sa maganarsa take fita ta hanci. Matarsa Uberlinda, Allah ya jiƙanta, ta sha cewa ba ta san launin haƙoransa ba sai ranar da likita ya cire masa guda biyu ya miƙo mata a takarda.

Na san inda cutar ta samo asali, don a gabana ya kamu da ita. Ranar Lahadin da babbar girgizar ƙasa ta zo, a shekarar sittin, ina da sha huɗu, yana da takwas. Gidanmu na katako ne, babanmu ya gina shi, ya ɗaure kowace ƙafa da ƙusa irin ta jirgin ruwa. Gidan ya yi rawa, ya yi kuka, amma bai motsa daga inda yake ba. Na maƙwabcinmu, wanda aka ɗora kan dungu kawai don mai shi ya ce nauyinsa ya isa ya riƙe shi, ya sauka ya yi tafiyarsa har cikin gonar dankali, da murhu da kyanwa da komai. Nolberto yana riƙe da zanina yana kallo. Tun daga ranar ya yanke hukunci a kan duniya: abin da ba a kafe ba, mai tafiya ne.

Ya gina kwale-kwale, ya gina gidaje, ya gyara hasumiyar coci biyu. Ya yi akwatin gawar surukinsa, aka ɗauki rabin wuni ana neman yadda za a buɗe a sa mamacin. Da Uberlinda ta rasu ya dawo ɗakin saman gidana, a satin farko ya kafe mini teburin cin abinci a ƙasa. Har na bar gidan nan kewaya shi nake yi da tsintsiya.

Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashin ƙafafunsa. Na san lokacin da yake cire takalmin hagu, na san na dama. In ya yar da kwabo na san ko na peso ɗari ne ko na ɗari biyar. In ya yi tari uku, ruwa za a yi. Na faɗi wannan ne don a san ba a makaranta na koyi ƙarar bene ba, kuma babu injiniyan da ya fi ni saninta.

Gidan nawa da na maƙwabta duk ruwan kogi ya cinye musu ƙafafu, shi ya sa muka kafa kwamitin neman gida, iyali arba'in da biyu. Shekara goma sha huɗu muna kai takarda muna dawowa da takarda. Da abin ya tabbata, kamfanin gini ya ce mu zaɓa: bene hawa huɗu na siminti, ko na sabon katakon nan da ake manna allunan itacen pino da gam, shimfiɗa biyar, wannan a miƙe wancan a gicciye, har ya yi kaurin taƙi guda. Nolberto ya ga wani yanki na katakon sau ɗaya, ya shafa shi, ya shinshina, ya dawo gida kamar wanda aka yi wa baiko. Shekara biyu yana bin gida-gida yana shan mate ɗin mutane, shayin ganyen nan namu, yana yi musu wa'azin katako. Siminti sanyi, siminti gumi, siminti in ya tsage ya tsage.

Shugabar kwamiti, Doña Fresia Barrientos, mace ce mai sayar da kifi a bakin kogi, muryarta tana tsallaka ruwa ba kwale-kwale. A taron ƙarshe ta miƙe ta ce, “Maestro, ni a gidan katako aka haife ni, a ciki na haifi bakwai. Ɗumi akwai, ban musa ba. Amma ganga ce. Na gaji da sanin lokacin da maƙwabcina yake juyawa a gado. In za a ɗora mini iyali uku a ka, gara dutse.”

“Wannan katakon daban ne, Doña Fresia.”

“Haka mijina ya ce mini game da kansa.”

Aka yi dariya, amma maganarta ta kama mutane. A ƙarshe aka rubuta sharaɗi. Za a kai samfurin daɓen benen zuwa gidan awon ƙara a gwada. In lambar ƙarar ba ta haura sittin da biyu ba, katako. In ta haura, siminti, kuma ba za a sake tayar da zancen ba. Gwaji uku aka ba mu, na ƙarshe ranar Juma'ar ƙarshen Agusta, don daga nan wasu ne da layi har baɗi. Nolberto kuwa shi zai shimfiɗa daɓen gwajin, in an ci kuma shi zai shugabanci kafintocin da za su shimfiɗa na gidan gaba ɗaya.

Gidan awon nan ba baƙona ba ne. Shekara goma sha tara ina share shi ina dafa musu ruwan mate. Ɗaki biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, bango mai kaurin da in an rufe ka ciki kana jin jininka yana zagaya kunnenka. Tsakanin na sama da na ƙasa akwai wawakeken rami, nan ake sauke daɓen da za a gwada da ƙugiya. Sai a ɗora masa wani inji mai guduma biyar da ke dukan ƙasa ba hutu. Akuya muke ce masa, don haka akuya take yi in ta hau rufin kwano. A ɗakin ƙasa kuma wasu makirfo ne a kan sanduna suna sauraro. Ƙarar da ta sauko ita ce lambar. Ni ban iya karanta ta ba, fuskar injiniya nake karantawa, kuma ban taɓa kuskure ba.

Injiniyar, Maite Llancapán, 'yar garin Lanco ce, yarinya ƙarama mai takalmin maza, kakarta tana saƙa, ita ma hannunta ba ya zama. Ita ta tsara daɓen namu. Ta tsaya ta yi wa Nolberto bayani ina gefe ina goge taga.

“Maestro, ga katakon mai kauri a ƙasa. A kansa za ka shimfiɗa wannan tabarmar ta ulu da roba. A kanta allo biyu masu nauyi, su ne za a taka. Allunan ka haɗa su da juna yadda kake so, amma kada komai ya ratsa tabarmar ya taɓa katakon ƙasa. Gefe ma ka bar tazarar yatsa guda tsakaninsu da bango.”

Ya cire ƙusoshin bakinsa, abin da ba ya yi sai a coci. “To me zai riƙe shi, Señorita?”

“Nauyinsa.”

Ba ta san ta faɗi kalmar da mai gidan da ya tafi gonar dankali ya faɗa ba.

“Ki ce kwanciya kawai zai yi, kamar baƙo.”

“Kamar baƙo mai kunya, wanda ba ya taɓa komai.”

Ya ce to. Da na ji wannan to ɗin ya kamata in farga, don Nolberto bai taɓa cewa to ba sai ya yi gardamar awa guda. Kwana biyu yana aiki shi kaɗai a ɗakin sama, yana fito. Aiki ya fito kamar madubi. Maite ta zagaya ta duba gefe, ta zura yatsa, ta ce ba ta taɓa ganin hannu irin wannan ba. Aka kunna Akuya. Na kalli fuskarta ta gilashi na ga girarta ta haɗe. Saba'in.

Ta zargi tabarmar. Ta kira masu sayarwa a Santiago ta wanke su tas a waya, suka aiko da wata mai kauri biyu. Nolberto ya ɗaga allunan da safe kafin kowa ya iso, ya sake shimfiɗawa. Gwaji na biyu ranar Laraba. Sittin da tara. Yarinyar nan ta zauna a matakala da takardunta, mate ɗinta ya huce a hannu. Ta auna injin, ta canja makirfo, ta leƙa kowace kusurwa da tocila. Na kai mata sopaipiya mai zafi, irin fanken nan namu na kabewa, ta ce ba ta jin yunwa, 'yar Lanco ta ƙi sopaipiya ranar ruwa. Nolberto kuma a gida ya ƙi cin abinci, yana ta safa da marwa a kaina, yana cewa injin ne ba shi da kunne.

Ranar Alhamis Doña Fresia ta zo da mata huɗu na kwamiti, wai su ga inda ake binne katakon Maestro. Ruwa ake yi kamar yadda aka saba, suka hau ɗakin sama da takalmansu, suka bar mini taɓon bakin kogi a kan daɓen gwaji. Dokar gidan ita ce ba a sa ruwa a kan abin gwaji, shara kawai. Amma ni ba a haife ni in bar taɓo ya kwana ba. Da suka tafi, Maite ta fita cin abincin rana, na jiƙa tsumma na durƙusa.

Katako in ya sha ruwa duhu yake yi bai ɗaya. Wannan ma ya yi, sai dai wasu 'yan ɗigo da suka fi sauran duhu, kowanne kamar ƙwayar wake. Na ja baya na ƙirga. Uku, uku, uku, uku. Goma sha biyu, a jere kamar maɓallan rigar soja. Na sa farce na ƙwaƙule ɗaya. Garin katako ne da gam, an cuɗa an toshe an goge, irin toshiyar da babanmu yake yi wa kwale-kwale. A ƙarƙashinta kan ƙusa yana kallona.

Na same shi a bayan gini ƙarƙashin rumfa yana wasa zarto.

“Nolberto.”

“Yaya.”

“Inci nawa?”

Bai ɗago ba. “Me?”

“Kada ka mai da ni Doña Fresia. Na farko inci nawa, na biyu inci nawa?”

Ya ajiye zarton. Ya dubi ruwan sama kamar shi zai ba da amsa. “Na farko huɗu. Da ta ƙara wa tabarmar kauri sai da na nemo shida.”

“Sannu da ƙoƙari. Yarinya tana can ta zagi mutanen Santiago a waya saboda kai.”

“Goma sha biyu ne kacal, Yaya. A daɓe mai faɗin nan. Me ƙusa sha biyu za ta yi wa ƙara? Ƙara ta iska take bi.”

“Shekara sha ɗaya ina jin kwabonka ta iska? Ta ƙusoshinka yake saukowa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai bin tsani.”

Sannan ya ce, a hankali, ba ta hanci ba, “Yara za su kwana a kansa. Hawa na huɗu. Kin ga abin da na gani.”

Nan na sassauta, don ba taurin kai ne kaɗai ba. Na zauna a kan buhun garin katako kusa da shi. Na ce, “Na gani. Kai gidan maƙwabci ka kalla, ni kicin ɗinmu na kalla. Ka tuna kantar da Baba ya kafe a bango, wadda Inna take jera farantan aurenta?”

“Na tuna.”

“Kantar ta motsa?”

“Ko kaɗan.”

“Farantan fa?”

Shi ma ya san da tsintsiya muka kwashe su.

“To tulun chicha, giyarmu ta tuffa, wanda yake zaune a ƙasa kan buzun tunkiya, ba ƙusa ba igiya, wa ya riƙe shi? Ƙasa ta yi ta haukanta, buzu yana shanyewa, bango ya tare shi ta nan ya tare shi ta can. Da wannan chichar aka yi bikin sunan ƙanwarmu Eliana. Ka sha, har ka yi amai.”

Ya ce, “Ni zan faɗa wa Señorita, ko ke?”

“Ni na buga?”

Ya shiga da hularsa a hannu. Ina bayansa, don in ya juya ya tarar da ni. Maite ta saurare shi har ƙarshe, ta hau sama ta durƙusa ta ga ɗigon, ta shafa da yatsa. Na zaci za ta yi faɗa. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta zauna daɓas a kan daɓen tana dariya har da hawaye.

“Maestro, kwana tara ban yi barcin kirki ba. Na fara tunanin komawa Lanco in yi kiwon tumaki.”

“Ki yafe ni, Señorita.”

“Sau uku na duba wurin nan da tocila. Yaya ka ɓoye su haka?”

“Garin allon da kansa ake ɗiba, a kwaɓa da...”

“Tambayar ba ta neman amsa ba ce,” na ce masa.

Amma yarinyar tana da hankali, ta gane ba a gama ba. Ta ja shi ɗakin ajiya ta buɗe wani kwali, ta zaro sukuru mai tsawon damtsena ta ɗora masa a tafin hannu. Ta ce da irinsa ake ɗaure katakon mai kauri da bango, ɗaruruwa a kowane hawa, da ƙarafa a kowace kusurwa, kuma wasu injiniyoyin daban sun riga sun yi lissafin girgiza. Ta ce, “Gidan a ɗaure yake tamau. Abin da ake takawa ne kawai yake kwance, bango huɗu sun tsare shi. Ina zai je?”

Nolberto bai ji rabin maganar ba. Sukurun yake kallo, yadda ya kalli Uberlinda ranar da ya fara ganinta a jirgin ruwan zuwa Corral. “Wa zai ɗaura waɗannan?”

“In mun ci gobe, kai da mutanenka.”

Kafin ta rufe baki ya ɗauko awartaki. Cire ƙusa inci shida da aka nutsar da kanta ba wasa ba ne, sai da ya huda kewayen kowacce. Yana cirewa yana miƙo mini, ina jefawa a aljihun gaban rigata. Allo biyu sun lalace aka canja, tabarmar ma aka sa sabuwa. Wannan karon ni da Maite muka zauna a kujera muka sa shi gaba har ya gama, kuma kafin ya shiga sai da na ce ya buɗe baki na duba.

Ranar Juma'a da hantsi kwamiti ya cika farfajiya. Aka rufe ƙofofi, aka kunna Akuya, aka matsar da ita kusurwa huɗu. Ina kallon girar Maite. Ba ta haɗe ba. Ta sake lissafi, ta juyo ta ce, “Sittin.”

Mutane suka fara tafi, Doña Fresia ta ɗaga hannu. “Lamba ba ta rawa. Saura sati uku bikin 'yancin ƙasa na sha takwas ga Satumba. Ni ba akuya ce za ta zauna a kaina ba, 'yan Cárcamo ne da 'yan Oyarzo, kuma na san yadda suke taka rawar kweka, hankici a hannu, in sun sha. A taka mini in ji.”

Maite ta ce wannan ba ya cikin ƙa'idar gwaji. Doña Fresia ta ce yana cikin tata. Aka shigar da ita ɗakin ƙasa, ni da ita, aka ja ƙofar nan mai nauyin saniya. A sama aka kunna waƙa a waya, Nolberto da takalminsa na aiki, Maite da hankicin aro.

Ba zan yi ƙarya ba, ana ji. Katako ne, ba kabari ba. Amma can nesa, dum, dum, kamar ana faskare a ƙetaren kogi. Doña Fresia ta karkata kai ta saurara. Ta ce, “Wannan lallaɓawa yake yi. Ya san ina nan.”

“Je ki gani.”

Ta tura ƙofa ta hau, ina biye. Muka tarar da ƙanena ya jiƙe sharkaf, hula ta faɗi, yana dukan daɓen nan da dunduniya kamar yana bin sa da tsohuwar gaba, Maite ta manne a bango tana haki. Doña Fresia ta tsaya ta dube shi. Ta fizge hankicin daga hannun yarinyar ta ce, “Matsa, 'yata, ba haka ake juya shi ba.” Sai da suka yi zagaye uku. A na ukun ne ta ce masa, tana haki, “Katako. Amma ni hawa na huɗu za a ba ni.”

An gama ginin bara. Sukuru dubu nawa ya ɗaura ban sani ba, shi ya sani, kuma zai faɗa wa duk wanda ya yi kuskuren gaishe shi. Daɓe arba'in da biyu ya shimfiɗa, kowanne sai da Maite ta bi shi da mayen ƙarfe, ni kuma da jiƙaƙƙen tsumma. Ba a samu ƙusa ko ɗaya ba. Teburina na sabon gida ma yana motsi, duk da na kama shi sau biyu yana kallon ƙafafunsa.

Ni aka ba hawa na biyu, shi na uku, daidai kaina. Satin farko na yi barci kamar jaririya. Sati na biyu na fara tashi da asuba ina kasa kunne. Ba takalmin hagu, ba na dama, ba tari. Tsoho mai shekara saba'in shi kaɗai a ɗaki, in ya faɗi wa zai sani? Na daki silin da sandar tsintsiya, bai ji ba. Na hau matakala da gwiwoyin nan nawa na tarar da shi lafiya lau yana shan mate, na zage shi na sauko. Kwana huɗu a jere ina wannan hawan.

Rana ta biyar, ƙarfe bakwai, ina ɗora ruwa, na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a gilashin tagar kicin. Na leƙa. Ƙusa ce inci shida a bakin zare, ta sauko daga tagar sama tana lilo. Ɗaya daga cikin sha biyun ce, ban san lokacin da ya sace ta daga aljihuna ba. Tun daga ranar kullum sai ta sauko. In na ja zaren sau ɗaya, na tashi lafiya. In na ja sau biyu, akwai sopaipiya, ya sauko da kofinsa.

Zancen tulun chicha kuwa, ya ba mutane labarinsa ya fi sau ɗari, har wani ɗalibin Maite ya rubuta a littafinsa. Tulun ya zauna a kan buzu, wannan gaskiya ne. Ya tsage tun daga wuya har gindi a girgizar farko, chichar da aka sha a sunan Eliana daga gidan Goggo Rosalba aka kawo ta. Yana da shekara takwas, ba zai tuna ba, ni kuma ban ga abin da sanin gaskiyar zai ƙara masa yanzu ba.